Me Saniya Ta Ci A Daji? Tsokaci Kan Awon Kiwo A Ƙasar Anka, Gummi Da Bukkuyum

Duk lokacin da aka zauna shawara a kan kiwo a ƙasar Hausa, ko a fadar hakimi ne ko a ofishin gwamnati, tambayoyin da akan yi ba su cika wuce uku ba: shanu nawa ne, ina burtali ya bi, kuma gonar wa aka ɓarnata. Akwai wata tambaya da ta riga waɗannan duka, amma ba kasafai ake jin ta ba, watau me dabba take ci in ta shiga daji, kuma nawa take ci daga safe zuwa maraice? Dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da wuyar sha'ani, gama mai ita ya san damin harawa nawa ya kwance mata da kwanon dusa nawa ya jiƙa. Wadda ta fita kiwo kuwa ita ce mai zaɓen abincinta da kanta, ta tsinki nan ta bar can, ba wanda ya auna mata. Manufar wannan maƙala ita ce a duba hanyoyin da masana suka ƙago don amsa wannan tambaya, a gwada su da halin da ake ciki a yammacin Jihar Zamfara, sa'an nan a nuna cewa aikin ba zai yi kyau ba sai an sa makiyayi da masanin harshe a ciki.

Ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ƙasa ce ta noma da kiwo tun kafin a ɓalle Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996. Gulbin Zamfara ya ratsa ta, ga fadamu, ga dazuzzuka da suka miƙa kudu har iyakar Jihar Kabi. Ana kiwon Bokoloji da Rahaji da fararen shanu, da tumaki Uda da Balami, da jar akuyar nan da fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Abincin waɗannan dabbobi yana juyawa ne da juyawar shekara. Da damina akwai ɗanyar ciyawa, su gamba da kyasuwa da harkiya da gadagi, amma gonaki sun rufe hanya. Da kaka garke yakan faɗa gonakin da aka girbe, ya ci karmami da kara da ragowar harawa. Da rani ya yi nisa sai a koma fadama neman burgu, ko a hau itatuwa ana sassabo ganyen kawo da maɗaci da maɗobiya, ana kaɗo 'ya'yan gawo. Bazara ita ce lokacin wahala, ranar da tsohuwar ciyawa ta ƙare sabuwa ba ta kai a ci ba. Wanda duk ya auna cin dabba a wata ɗaya ya ɗauka ya san na shekara, ya yi kuskure babba.

To, ina amfanin sanin? Amfaninsa shi ne, duk wani tsari na keɓe makiyaya a kan wannan lissafi yake tsaye. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da shirin Ruga da aka yi ta muhawara a kansa a 2019, da ma'aikatar kula da dabbobi da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024, dukansu suna bukatar a ce eka kaza za ta ɗauki shanu kaza. Ma'aunin da aka saba amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne saniya mai nauyin kilo 250, wadda aka ƙaddara tana cin busasshen abinci kilo 6.25 a yini, watau kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta, wajen kilo 2,280 ke nan a shekara. Wannan adadi yana da sauƙin riƙewa, shi ya sa ya shiga takardu da yawa. Sai dai ƙaddarawa ce aka yi don sauƙaƙa lissafi. Saniyar da ta yi tafiyar kilomita goma zuwa mashaya cikin watan Afrilu ba ta san da shi ba.

Hanya mafi tsufa ita ce a auna ciyawar, a bar dabbar. Akan yanki ciyawar wani ɗan fili, a busar, a auna, sa'an nan a saki dabbobi, bayan sun tashi a sake yanka a auna, abin da ya ragu a ce shi suka ci. A makiyayar da aka shinge, inda aka shuka ciyawa iri ɗaya, wannan yana da ma'ana. A dajin Bukkuyum kuwa ciyawar da ta ɓace ba duka ce ta shiga ciki ba: gara ta ci, kofato ya tattake, gobara ta lashe, masu yankan gamba don zana da jinka sun kwashi rabonsu. Haka nan hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda suke nuna yawan tsiro a faɗin ƙasa, ba su bambanta tafasa da gadagi. Fili yana iya yin kore shar da tafasa da tumfafiya, hoto ya nuna yalwa, alhali shanu suna ratsa shi da yunwa.

Daga nan masana suka juya ga kashin dabba, kuma a nan ne hikimar ta fi yawa, don haka ya kamata a ɗan dakata a kanta. Abin da dabba ta ci kashi biyu ne, wanda ya narke ya shiga jiki da wanda ya fita. In an san nauyin wanda ya fita, aka kuma san kashi nawa cikin ɗari na abincin ke narkewa, to an san abin da ya shiga. Alal misali, saniya ta yi kashin da nauyinsa bayan an busar ya kai kilo biyu da rabi a yini. Idan rabin abincinta ne ke narkewa, kilo biyar ta ci. Idan kuwa kashi sittin ne ke narkewa, arba'in ke fita, to abin da ta ci ya zama kilo shida da kwata. Mai karatu ya lura: kashin bai canja ba, amma amsar ta motsa da kilo ɗaya da kwata saboda saɓanin kashi goma kacal a wajen narkewa. A garken shanu ɗari, cikin kwana ɗari biyu na rani, wannan saɓani ya zama tan ashirin da biyar na abinci. Wannan ita ce tazarar da ke tsakanin makiyayar da za ta riƙe garke har saukar ruwa da wadda za ta kore shi zuwa gonar rani ta wani.

Tara kashin ma aiki ne. Akan ɗaura wa sa jaka a gindi da ɗamara, a riƙa juyewa safe da yamma. Dabbar da ba ta saba ba takan ƙi kiwo, kuma ƙaya da sarƙaƙiya ba su barin jaka lafiya. Don guje wa wannan aka shiga ɗura wa dabba wani koren gari na kuromiyam wanda ciki ba ya narkar da shi. In an ba ta giram goma kullum, aka tarar kowane kilo na busasshen kashi yana ɗauke da giram huɗu, an san kilo biyu da rabi take fitarwa, ba sai an tara duka ba. Matsalar ita ce garin ba ya fita daidai wa daida, na safe daban na yamma daban. Shi kuwa awon narkewa, tun 1963 Tilley da Terry suka nuna a Ingila yadda za a kwaikwayi tumbi cikin kwalba, a jiƙa ciyawa da ruwan tumbi na kwana biyu, a bi da sinadarin narkarwa na wasu kwana biyu. Amma wace ciyawa za a sa a kwalbar? Wadda mutum ya yanka da lauje ba ita ce wadda harshen saniya ya zaɓa ba. Dabba takan bi ganye ta bar kara, ta bi ɗanye ta bar busasshe, har abin da ta haɗiya ya fi matsakaicin abin da ke filin kyau nesa ba kusa ba.

Maganin da aka samo wa wannan a Amurka a 1954 shi ne a yi wa dabba tiyata a wuya, a buɗe ƙofa a maƙoshi a toshe da marfi. In za a ɗauki samfur sai a cire marfin a rataya jaka, abin da ta haɗiya ya faɗa ciki. Masu bincike na cibiyar dabbobi ta ILCA, wadda ta zama ILRI a 1995, sun yi amfani da irin waɗannan shanu a Jamhuriyar Nijar, kuma daga irin wannan aiki aka tabbatar da abin da Fulani suka daɗe da sani, cewa kiwon dare yana ƙara wa dabba ci a lokacin rani. Hanya ce mai kyau a tashar gwaji irin ta Shika kusa da Zariya, inda akwai likita da magani. Amma ba makiyayin da zai yarda a huda wuyan saniyarsa don a cika takarda, kuma yana da gaskiya. Shanun tasha da aka kawo da ƙofa a wuya kuwa baƙi ne a dajin, ba su san inda garken gida ya saba bi ba.

A 1986 Mayes da abokan aikinsa a Sikotilan suka fito da dabarar kakin ganye. Kowane tsiro yana da wani siririn kaki a bayan ganyensa, kuma haɗin sinadaran da ke cikin kakin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, kamar zanen yatsa. Yawancinsa yana fita cikin kashi, saboda haka in an ɗura wa dabba wani ɗan'uwansa na ƙira, aka gwada biyun a kashi, akan gane yawan abin da ta ci, har ma da rabon kowane tsiro. Dabara ce mai ban sha'awa inda tsirrai biyu ne ko uku. Akuyar da ta ɗanɗani iri talatin kafin azahar, daga sabara zuwa kalgo zuwa aduwa, ta fi ƙarfin lissafin. Akwai kuma duba ɓurɓushin ganye a kashi da madubin ƙara girma, da gano tsiro ta ƙwayoyin gadonsa da suka rage a kashi, wanda shi ne sabon yayi. Duka biyun suna faɗin me aka ci fiye da nawa aka ci, kuma duka biyun ba su aiki sai an riga an tara tsirran yankin, an san kowanne da sunansa.

Saura hanya guda, wadda ta fi kowace araha, kuma ita ce aka fi rainawa: mutum ya bi dabba da ƙafa, da agogo da littafi, yana rubuta abin da ta sa wa baki da yawan cizon da ta yi a minti, yana tsinkar irinsa da hannu don a auna daga baya. Ma'aikatan ILCA sun yi haka da garkunan Fulani a Abet da Kurmin Biri a kudancin Kaduna a farkon shekarun 1980. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan hanya, in an haɗa ta da awon kashi, ita ta fi dacewa da yammacin Zamfara, kuma wanda ya fi cancanta ya riƙe ta shi ne makiyayin kansa. Dalili kuwa, yawancin dabarun da aka ambata an ƙago su ne don dabbar da ke sake cikin shinge, ita da ciyawa kawai. Dabbar Anka tana da mutum a gabanta ko a bayanta. Shi ke yanke lokacin fita bayan tatsa, shi ke zaɓen kwarin da za a bi, shi ke hawa kawo ya sassabo, shi ke ba da kanwa. Rabin amsar tambayar yana cikin kansa tun kafin a je ɗakin gwaji.

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Makiyayi yakan dubi kwiɓin hagu na saniya da maraice, inda tumbi yake, ya gane ko ta ƙoshi. Yakan dubi kashi, ya san ko ɗanya ta ci ko busasshiya, ya saurari tuƙa da dare, ya lura da nonon da ya sauka a ƙwarya da safe. Ya san gyauron dawa yana kashe dabba, ya san duman rafi yana sa ta tangaɗi, ya san ganyen gawo yana fitowa ne daidai lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Masana kimiyya sun bayyana cewa in sinadarin gina jiki ya yi ƙasa da kimanin kashi bakwai cikin ɗari a abinci, ƙwayoyin da ke aikin narkarwa a tumbi sukan yi rauni, dabba ta rage ci ko da ciyawa na gabanta, busasshiyar ciyawar rani kuwa takan faɗi ƙasa da haka sosai. Makiyayin da ke ɗaukar wahalar kaɗo 'ya'yan gawo bai san adadin ba, amma aikin da yake yi amsar wannan matsala ce.

Za a ce, ai ƙima ba lamba ba ce, gwamnati kuwa da lamba take aiki. Wannan suka tana da ƙarfi, ba a kuma ce a jefar da sikeli ba. Za a ƙara da cewa makiyayi ba ya son faɗin sirrin garkensa ga baƙo mai littafi, tun zamanin jangali, lokacin da ƙidayar shanu take nufin biyan kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, kuma satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga da suka addabi Zamfara tun wajen 2011 sun ƙara tsananta shi, gama faɗin inda garke ke kwana yana iya zama sanadin rasa shi. Amma wannan halin da kansa hujja ce ga ra'ayin da ake karewa. Baƙon mai bincike ba shi da ikon yini a dajin Anka yana ƙirga cizo. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Wanda ke tare da dabba ko ana ha-maza-ha-mata shi ne mai ita. In ba a amince da shi a matsayin abokin aiki ba, aka biya shi ladan wahalarsa, aka kuma tsare masa sirrinsa, to ba za a sami labarin ba ko kaɗan. Kashi kuwa ana iya kwasarsa a mashekari da safe a aika gari, abin da ke cikin tumbi ana iya dubawa a mayanka, ko da yake a nan sai an yi hattara, don dabbar da ta kwana biyu a kara dusa ce da leda za a tarar a cikinta.

Akwai wani dalili da ya sa wannan tambaya ta fi nauyi a Anka da Bukkuyum fiye da sauran wurare. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, sakamakon daka da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar dubbai, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan, na Bagega sai a 2013. Mazauna wuraren sun ba da labarin yadda agwagi suka ƙare kafin a gane abin da ke kashe yara. Abin lura shi ne dabba mai kiwo ba ciyawa kaɗai take ci ba, tana haɗiyar ƙasa tare da ita, musamman da rani in ciyawa ta gajarta, tana kuma lasar ƙasa da gangan don neman gishiri, ta sha ruwan kududdufin da aka wanke dutse. Dalma takan taru a hanta da ƙoda da ƙashi, wani abu kuma ya bi nono. Yawan ƙasar da dabba ta haɗiya ana iya ƙiyasta shi daga kashinta, ta hanyar auna yashin da bai narke ba. Sai dai awon ba zai faɗi ko a wane rami ta lasa ba. Yaron da ya kora ta shi ya sani. Ga mai sayen nono da mai cin tsire a kasuwar Gummi, wannan ba tambayar ɗakin karatu ba ce.

A nan ne aikin ya iso ƙofar Sashen Hausa. Duk hanyar da aka bi, sai an kira tsiro da suna, sunayen kuwa ba a gama tsara su ba. Dalziel ya buga ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, Bargery ya zuba da yawa cikin nasa a 1934, kuma har yau da su ake dogara, fiye da shekara tamanin bayan haka. Suna ɗaya yana iya rufe tsirrai biyu ko uku da masanin tsiro ya raba, tsiro ɗaya kuma yana iya samun suna a Kano, wani a Zamfara, wani a bakin Bafulatani, wani kuma a bakin Badakkare a kan iyakar Zuru. Ko lafazi kaɗai ya isa ya rikita baƙo: abin da Bakano ya kira tafasa da fadama, Bazamfare tahwasa da hwadama zai ce. Mai binciken da ya zo da takardar tambayoyi da aka fassara daga Turanci yakan tambayi makiyayi wace "ciyawa" dabba ta fi so, ya tafi da amsa rabi, don kalmar ba ta haɗa da ganyen itace da kara da harawa da 'ya'yan itace ba, waɗanda su ne abincin rabin shekara.

Ɗalibin da ya fito daga Gummi ko Bukkuyum, wanda ya tashi da karin harshen, yana iya yin abin da masanin sinadari ba zai iya ba. Yana iya zama da dattawan makiyaya, har da waɗanda rikici ya koro cikin garin Anka, ya ɗauki muryarsu, ya rubuta sunan kowane tsiro yadda suke furta shi da Hausa da Fulatanci, da watan da ake cinsa, da dabbar da ke cinsa, da ɓangaren da take ci, da kalmomin da suke bambanta ƙoshi da cikar ciki. In ya samu, ya tsinko reshen ya matse cikin takarda, ya kai wa malaman tsirrai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Tarayya ta Gusau su ɗora masa sunan Latin. Kundin digiri na farko guda ɗaya zai iya ɗaukar gunduma ɗaya da damina, wani ya ɗauki ta da rani, kuma kuɗin da zai ci bai kai na tiyatar wuyan sa guda ba.